Tukunyar da Ba Ta Yin Ƙanzo

An zalunce ni, jama'a, zaluncin da ban taɓa jin an yi wa wani ɗan Adam irinsa ba. Na san za ku ce akwai waɗanda aka ƙwace wa gona, akwai waɗanda aka ɗaure ba su ji ba ba su gani ba. Na ji, Allah ya bi musu hakkinsu. Amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa tsayawa a kan mutum da reza a hannu, mutumin ya ja hanci, ya sake ja, sannan ya ɗago kai ya ce, "Maigida, yanzu kuma albasa ake shafa wa mutane a shagon nan?" Ni aka yi wa wannan. Ni da in na wuce ta layi, ƙamshina kan tsaya ya gaisa da jama'a bayan na yi nisa. In wannan ba tashin duniya ba ne, to ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Ni mai aski ne. A layinmu ana ce mini Ɗan Gayu, ba kuma ni na raɗa wa kaina ba, ko da yake da sun yi jinkiri da na raɗa. A takarda na haura hamsin, amma a fuska ban kai ba, domin ni da baƙin rini mun san sirrin juna. Mahassada suna cewa ina da son kaina da wayon tsiya. Ni kuwa tsari nake kiran abin.

Matata, maman yara, mace ce marar yawan magana. Allah ya yi mata baiwa a hannu: duk abin da ta ɗora a wuta sai ya yi auki. Takan jiƙa wake tun da safe don kada ya ci mata gas. In tumatir ya yi araha sai ta saya da yawa, ta yanka, ta shanya a bayan ɗaki. Dankali kuwa ba ta fere shi, kankare shi take yi da bayan wuƙa. Ƙwai ɗaya za ta fasa, ta kaɗa shi da ɗan fulawa da albasa, ta soya, ka rantse ƙwan jimina ne. Haka muka rayu shekara da shekaru, mu da yaranmu uku. Ni ake fara zuba wa, a kwano mai murfi, a kai mini falo. Sai a zuba wa yara. Ita a kicin take cin nata.

Wata safiya ina daidaita gashin baki, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baban yara, kayan miya sun tashi, mai ma ya ƙara kuɗi. Ko za ka ɗan ƙara a kan na cefane?"

Na ce, "Jiya ba mu ci mun ƙoshi ba?"

Ta ce, "An ci."

"Shekaranjiya fa?"

"An ci."

"To ina matsalar take?"

Ta juya ta koma kicin. Ni kuwa maganar ta bi ni har shago. Kusa da shagona akwai mai wanki da guga, abokina ne na shan iska. Bai taɓa riƙe mace ta shekara a gidansa ba, amma duk layin nan babu wanda ya fi shi sanin halin mata. Da na ba shi labari sai ya ajiye dutsen guga ya ce, "Ɗan Gayu, ashe kai yaro ne. Mace in ta ce kuɗin cefane bai isa ba, wani zane ta gani a kasuwa. Ka taɓa ganin kwanonka ya ragu?"

Na ce ban taɓa ba.

"To ka ga akwai rara ke nan."

Kada in ba shi ladan da ba nasa ba. Shi dai ya yi magana, amma dabarar tawa ce, daga cikin sana'ata na ciro ta. Mu masu aski mun san cewa in mutum ya ce ka rage masa suma kaɗan, ba ka ɗauke ta gaba ɗaya. Za ka taɓa nan, ka ja shi da hira, ka taɓa can, ka tambaye shi iyali. Kafin ya farga rabin kansa yana ƙasa, ya tashi yana yi maka godiya har da ƙarin kuɗi. Na ce a raina, abin da ya yi a kai, zai yi a tukunya.

Kafin in tashi daga aiki ran nan sai da na gwada fuskar tausayi kala-kala, na zaɓi wadda ta fi kyau da ni. Na shiga gida da ita, na zauna, na yi ajiyar zuciya.

Maman yara ta ce, "Lafiya?"

Na ce, "Kasuwa ta mutu. Kowa ya sayi injin aski yana gwaguye kan 'ya'yansa a gida. Yau wuni na yi ina korar ƙuda." Na miƙa mata kuɗin cefane, na riga na yi musu gyaran fuska.

Ta duba, ta ninke, ta ce, "Allah ya buɗa. Kada ka sa damuwa a ranka, za mu lallaɓa."

Washegari kwanona ya zo cike fal. Na ce madalla. Da mako ya zagayo na sake taɓawa kaɗan. Kwano ya zo cike. Na sake taɓawa. Nama ya ɓace daga miya, kan kifi ya maye gurbinsa, daga baya shi ma kan kifin ya zama sai ranar da ya ga dama. Shinkafa ta fara zuwa da wake, sannan wake ya fara zuwa da shinkafa. Amma ko yaushe na ɗaga murfi akwai wata 'yar tsoka da aka ɗora mini a sama, yara kuma ba su taɓa kwana suna kukan yunwa ba. Na ce wa mai guga, "Ka ga maganarka. Ashe shekara da shekaru kuɗina ake yi wa wanka."

Rarar da na samu ban yi almubazzaranci da ita ba. Na sayi takalmi, ruwan ƙasa, mai tsinin baki, irin wanda in ka taka ƙasa sai ta amsa. Da farko a shago nake ajiye shi, cikin durowa, a ƙarƙashin tawul. Daga baya na ga bai kamata abu mai kyau ya zauna a duhu ba, sai na tako shi har gida, na ce wani mai kuɗi da nake yi wa aski ne ya ba ni kyauta. Maman yara ta ce, "Allah ya saka masa da alheri." Ita ce ma take goge mini shi da safe. Bayan takalmi turare ya biyo, bayan turare agogo.

Mutum in yana da abin alfahari a gida ai ba ya ɓoyewa. Na fara jawo mai guga cin abincin rana, don ya ga aukin da nake ba shi labari da idonsa. Ya gani, ya yaba, ya dawo. Har ya zama in rana ta take, sai in ga ya kashe dutsen guga yana kallona kamar akuyar da ta ji motsin dusa.

Wata rana bayan ya tafi, maman yara ta ce, "Baban yara, in za ka zo da baƙo ka riƙa faɗa mini tun da safe."

Na ce, "Ke da hannunki ke da albarka? Ƙara ruwa kawai."

Akwai wata ƙara da nake ji kullum bayan an gama cin abinci, ƙarar cokali a gindin tukunya. Ranar da ta dame ni na leƙa kicin. Na sami maman yara a tsugune gaban tsohuwar tukunyarta, baƙa, mai kunne ɗaya, ta yayyafa wa ƙanzo ruwa da ɗan gishiri tana kankarowa.

Na ce, "Wannan kuma fa?"

Ta ce, "Ƙanzo ne. Tun ina yarinya nake son sa."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar na raɗa mata Sarauniyar Ƙanzo, yara ma suka taya ni, ita ma tana murmushi. Amma ni mutum ne mai lissafi. Da na koma shago na zauna na yi tunani, sai na ga ƙanzon nan ai shinkafa ce aka ƙona. Shinkafar kuwa da kuɗina aka saye ta. Ke nan kullum sai an ƙona mini dukiya a gindin tukunya, saboda kwaɗayin yarinta.

Kamar an aiko shi, sai ga wani mai tallan kayan kicin ya zo aski. Da ya ji kukana ya kwance kayansa ya fito da wata tukunya. Cikinta baƙi wuluk, santsi kamar kan mai sanƙo. Ya ce, "Wannan ko ka manta da ita a wuta ba ta kamu. Ƙwaya ɗaya ba za ta maƙale ba." Na saya. Washegari da maman yara ta raka auta makaranta, na kira masu sayen tsofaffin ƙarafa, na sayar musu da tsohuwar, na rage asara.

Da ta dawo na tara yara, na sa an rufe sabuwar da mayafi, na yi ɗan jawabi a kan miji nagari, sannan na yaye. Yara suka yi tafi. Ita ta sa yatsa ta shafa cikin tukunyar, ta daɗe tana shafawa.

Ta ce, "Ina tsohuwar?"

Na ce, "Ta yi ritaya. Daga yau ba sauran ƙanzo a gidan nan, Sarauniya an sauke ki daga mulki."

Ta ce, "Ta mahaifiyata ce."

Na ce, "Ai shi ya sa ta gaji."

Ta dube ni, ta dubi yaran, ta ce, "To." Tunda kuma an toshe ƙofar ɓarna, da mako ya zagayo na sake yi wa kuɗin cefane gyaran fuska. Wannan ma ta ce, "To."

Ƙarar cokali ta ɗauke daga gidana, na samu kwanciyar hankali. Na lura zanenta ya fara zagaye ta har ya yi saura, na ce mata, "Kin ga amfanin zama da ɗan gayu, kin koma 'yan mata." Na lura in ta tashi daga tsugune takan dafa bango ta ɗan tsaya. Na ce zafin gari ne. Babbar 'yata ta taɓa ce mini, "Baba, Mama fa ba ta..." sai uwar ta yi mata wani kallo, ta haɗiye sauran. Ban bi ba'asi ba, agogona nake saitawa.

Ranar da abin ya faru, mai guga na kawo da wasu abokai biyu, don su ga tukunyar zamani. Muna falo ina yi musu bayanin yadda ake tafiyar da gida. Maman yara tana kicin tana soya dankali. Sai muka ji wani abu ya faɗi, ƙarfe ya yi ƙara, babbar 'yata ta ƙwalla ihu. Muka ruga. Maman yara tana kwance a ƙasa ba ta motsi, kaskon suya ya kife, tafasasshen mai ya wanke mata hannun hagu tun daga gwiwar hannu har yatsu.

A asibiti suka ɗaure hannun, suka ɗebi jininta, suka sa mata ruwa. Likitar ta kira ni gefe ta ce, "Ƙunar za ta warke, ko da yake za ta bar tabo. Abin da ya kayar da ita shi ne damuwata. Jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Me take ci a gida?"

Na gyara tsayuwa na ce, "Mu gidanmu ba a wasa da ciki. Shinkafa da wake, dankali, kifi, wani lokaci har ƙwai."

Ta dubi tumbina, ta dubi wuyan hannun da ke kan gado, ta ce, "Ba kai na tambaya me kake ci ba." Ta wuce abinta. Ku ji rashin ladabi.

Ana haka yayar matata ta iso. Mace ce mai jiki da murya, wadda tun ranar da na fara zuwa gidansu ba ta yarda da ƙamshina ba. Ba ta ko amsa gaisuwata ba. Ta zauna a bakin gado, ta ja fatar idon ƙanwarta ta duba, ta juyo gare ni.

"Kai, yunwa kake horar mini da ƙanwa da ita?"

Kafin in buɗe baki, maman yara ta ce da 'yar muryarta, "Yaya, kada ki ga laifinsa. Kasuwa ce ta mutu masa. Yana iya ƙoƙarinsa, wallahi. Wani lokaci wuni yake yi bai aske kai ɗaya ba."

Da an tsaya a nan, da na fita da mutuncina, har da ɗan tausayi a sama. Amma mai guga yana tsaye a bakin ƙofa, shi kuwa ba ya jure ya ji an raina abokinsa.

Ya ce, "Wace kasuwar ce ta mutu? Baiwar Allah, ki daina yi mana kallon matsiyata. Shagon Ɗan Gayu layi ake bi! Dabara ce kawai irin ta manya, kaɗan-kaɗan yake rage na cefane don ya gane inda rarar take. Kin ga takalmin nan na ƙafarsa? Da kuɗinsa ya saya, lakadan, ina tsaye. Agogon ma..."

Na taka masa ƙafa da tsinin takalmin, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ban dubi Yaya ba, ita na san abin da ke fuskarta. Maman yara na duba. Ba ta yi kuka ba. Ta sauke idonta a hankali daga fuskata har ƙasa, ta tsayar da shi a kan takalmin da take goge mini kowace safiya.

Ta ce, "Na zaci asirinka nake rufawa. Ashe ƙafarka nake rufawa."

Ta juya fuskarta bango.

Da yamma Yaya ta biyo ni gida don ta ɗauki kayan sawar ƙanwarta. Ta shiga kicin, ta kira babbar 'yata ta ce ta auno mata daidai abin da uwarsu take dafawa kullum. Yarinyar ta auno. Yaya ta dafa a sabuwar tukunya, ta ce in tsaya in gani. Ta cika kwanona mai murfi. Ta zuba wa yara uku. Ta zuba wani ta ce, "Wannan na abokinka mai dogon baki." Sannan ta miƙo mini tukunyar da cokali. Cikinta fes, tana sheƙi, kamar ba a taɓa dafa komai a ciki ba.

Ta ce, "Ga rabon matarka. Kankaro, ka kai mata asibiti."

Na ce, "Yaya, ai da ta ɗebi nata tun farko."

"Ta ɗeba daga kwanon wa? Naka, ka ce an rage maka? Ko na auta, ya kwana yana kuka? Duk abin da zai zubu a kwano, wani take ba. Shi ya sa take barin tukunya ta kamu da gangan, don ƙanzo ne kaɗai abin da ba wanda zai miƙo hannu ya ce a ƙara masa. Shi kaɗai take iya ci ba ta ji ta ƙwaci na wani ba. Shi ma ka bi ta ka ƙwace."

Babbar 'yata ta ce, ba ta ko dube ni ba, "Tun da aka kawo sabuwar, shayi take sha ba madara. In na ce mu raba nawa sai ta ce ta ci."

Da aka sallame ta daga asibiti ba gidana ta dawo ba. Gidan Yaya ta wuce, ta tafi da auta. Manyan biyu aka bar mini saboda makarantarsu ta fi kusa da nan, Yaya kuma ta kafa doka cewa yarinyar ba za ta bar karatu ta zama kukuna ba. Ni ne cefane, ni ne girki.

Ranar farko na ɗauki daidai abin da nake ba maman yara na tafi kasuwa, da niyyar in nuna wa duniya yadda ake yi. Mai kayan miya ya dubi kuɗin, ya dube ni tun daga hula har ƙasa, ya ce, "Maigida, na saye ne ko na sadaka?" Na dawo da tumatir da bai cika tafin hannu ba. Na dafa shinkafa, na zauna ina jiran auki. Na ƙara ruwa kamar yadda na saba ba da shawara, ta zama kunu. Na cika kwanona, na raba musu saura. Ɗana namiji ya cinye nasa, ya zauna yana kallon nawa. Na yi kamar ban gani ba. Yanzu ninkin abin da ta roƙe ni in ƙara nake kashewa, kuma har yau ba mu taɓa tashi mu uku duka a ƙoshe ba.

Na ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai na shirya zuwa ban haƙuri. Na bar rini har furfura ta fito sosai. Na nemo wata tsohuwar riga da silifas, na bar turare. Na tsaya a kasuwar tsofaffin kaya na sayo tukunya baƙa mai kama da waccan, har na sa aka ɓalle mata kunne ɗaya.

Na same ta a tsakar gidan Yaya, a zaune a inuwa. Ta ɗan yi kumari. Hannun ya warke, fatar ta yi fari-fari ta tattare, yatsu biyu ba sa miƙewa sosai. Na durƙusa, abin da ban taɓa yi ba saboda wando. Na ajiye tukunyar a gabanta.

Ta dube ta ta ce, "Ta mahaifiyata kunnen dama ne babu."

Ta dubi kaina ta ce, "Wannan furfurar ma dabara ce?"

Na ce, "Maman yara, sharrin shaiɗan ne da mugayen abokai. Ki dubi yara. Gida ya zama kango. Ki faɗi ko nawa kike so na cefane, ni kuwa in ninka."

Ta ce, "Ba kuɗi ba ne, baban yara. Da babu ce ta gaskiya, da ko ruwan zafi ne sai in sha in gode wa Allah, kuma da na sha ɗin ban yi nadama ba. Tambaya ɗaya zan yi maka. In ka amsa, yanzu zan ɗauki mayafina in bi ka."

Na ji daɗi, domin a amsa tambaya ba a taɓa kayar da ni ba. Na ce ta yi.

Ta ce, "Yaushe rabon da ka ga na kai loma bakina?"

Na buɗe baki. Na tuna ta tana miƙo mini kwano. Na tuna ta tana kwashe kwano. Na tuna bayanta a ƙofar kicin, da hannunta yana goge wa auta baki. Na koma baya shekara da shekaru ina lalube, har zamanin da muke mu biyu a ɗaki ɗaya. Na so in ƙirƙiro wata rana, ƙarya ba ta taɓa yi mini wuya ba, amma tana kallona, na kuma san za ta tambaye ni me aka dafa.

Ta ce, "Je ka tuna. Ranar da ka tuna, ka dawo ka faɗa mini." Ta tashi ta shiga ɗaki, ta saki labule.

Har yau ina tunawa, ban samo ba. Ita kuma tana can.

Na zauna na nemi wanda zan ɗora wa laifin nan, don irin wannan kaya bai dace da kafaɗata ba. Na kama mai guga, sai na tuna shi baki kawai ya sa, bai taɓa riƙe kuɗin cefanena ba. Na kama mai tallan tukunya, sai na ga abin da na nema ya sayar mini, kayansa kuma bai yi ƙarya ba. Na kama Yaya, na kama likita, na kama tsadar kasuwa, kowa na kama sai ya zame. To, shi ke nan, tunda kun matsa. Ni na rage. Ni na yi ƙaryar babu alhali akwai. Ni na jawo baƙi kan abincin da bai ishi masu gida ba, ni na sayar da tukunyar. Ba wanda ya zalunce ni. Ni na haƙa ramin, na yi masa ado, na kira mutane su zo kallo, sai dai ba ni na fara faɗawa ciki ba, wannan kuwa shi ya fi komai ciwo.

Darasin da ke cikin labarina shi ne: tattali a gida abu ne mai kyau, amma sai an yi shi da gaskiya, kowa ya san abin da ke akwai da abin da babu. Wanda ya yi wa iyalinsa ƙaryar babu don ya tara wa kansa, ba tattali ya yi ba, sata ya yi, kuma daga bakin wanda ya fi ƙaunarsa ya sata. In ka ga kuɗin cefane yana raguwa, kaya suna tsada, amma kwanonka bai ragu ba, kada ka ce auki ne. Tashi ka shiga kicin ka ga kwanon wa ya ragu. Ka zauna ka ci tare da mai dafa maka, ka ga ta ci da idonka. Gemuna ya riga ya kama wuta, ku shafa wa naku ruwa.